Ba Kowane Jini Ne Zahi Ba: Mi Sababbin Gwaje-gwajen Sankarar Hanji Ke Gani, Mi Ke Kuɓuce Musu?



Kwanakin nan akwai wata magana da ke yawo cikin wayoyi, galibi daga ƴan uwanmu mazauna Amurka da Turai. Wai an samu wani gwaji da za a ɗebi jinin mutum ɗan kaɗan, a gane ko yana ɗauke da sankarar hanji tun bai fara jin ciwon komi ba. Har wasu na shawarar su sayo su aiko wa tsofaffinsu da ke Filinge, ko Shikal, ko Luma, ko Tukunus. Maganar ba ƙarya ba ce. Gwajin na nan, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Yuli na 2024. Amma kafin wani ya sa hannu aljihu, ya kamata mu san mi gwajin ke nema cikin jini, mi yake gani, mi kuma ke kuɓuce mishi. In munka fahimci wannan, za mu ga inda kuɗin zai fi amfani.

Ciwon da ke tahiya sannu

Babban hanji shi ne ƙarshen hanyar abinci. Tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi ne, yana ƙarewa ga dubura. Sankarar da ke kama shi, wadda wasu ke ce wa kansa, wasu ciwon daji, ita ce ta uku wajen yawa a duniya, ta biyu kuma wajen kisa. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai mutum miliyan 1 da dubu 900 sunka kamu, sama da dubu 900 sunka rasu. Ita ce ajalin Pele, sarkin ƙwallon Barazil, a Disamba 2022 yana da shekara 82. Ita ce kuma ta ɗauke Chadwick Boseman, jarumin fim ɗin Black Panther, a Agusta 2020, yana ɗan shekara 43 kacal.

Abin da ya sa likitoci ke yawan magana a kanta shi ne ba ta faɗowa dare ɗaya. Galibi tana farawa da wani ɗan tsiro a bangon hanji na ciki, kamar ƙwayar wake ko ma bai kai ba, wanda likitoci ke kira polip. Kada a haɗa shi da tsiron basir da munka sani. Wannan can ciki yake, ba a ganinsa, ba a jinsa. Yawancin polip ba su zama komi. Wanda zai rikiɗe kuwa yakan ɗauki shekara 10 zuwa 15. In an gan shi cikin wannan tsakani, ana tsinke shi ta cikin na'urar duba hanji, mutum ya koma gida a ranar. A Amurka, cikin mutum 100 da anka gano ciwon bai fita daga hanji ba, kusan 90 na raye bayan shekara biyar. In ya riga ya kai hanta ko huhu, kamar 15 ne kawai.

A nan Nijar, tun 1992 akwai rajistar masu sankara a sashen koyon likitanci na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Sai dai rajista na ƙirga wanda ya iso asibiti ne, anka yanki naman anka duba. Dattijon da ya rame a ƙauye, cikinsa ya kumbura, anka ce sammu ne ko zahi ne ya ci ƙarfinsa, har anka kai shi makwanci, ba ya cikin lissafin kowa. Gaskiya ne ciwon bai kai yawan na Turai ba a wajenmu. Wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya lura da haka, a 1971 ya danganta shi da abincin ƙauye mai dusa da ganye. Wato tuwon gero, da hura, da wake, da kwaɗon zogale, abincin da ɗan birni ke yi wa kallon raini, garkuwa ne ga hanji. Amma cimarmu na canzawa, har cikin ƙauyuka: farar shinkafa, taliya, burodi, lemun kwalba, ga taba da shisha ga samari.

Rubutun da ke cikin jiki

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne sunka taru sunka yi shi, kamar yadda tubali ke yin ɗaki. Cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon rubutu da ake kira ADN, masu Ingilishi na cewa DNA. Haruffansa iri huɗu ne kawai, amma jerinsu ya kai biliyan 3. An raba rubutun sashe-sashe, kamar 20,000, kowane sashe da umarnin da yake bai wa ƙwayar. Waɗannan sassa su ne ƙwayoyin gado, rabi daga uwa, rabi daga uba.

Fatar cikin hanji tana sabunta kanta duk bayan ƴan kwanaki, kuma duk sabuwar ƙwaya sai ta kwafi rubutun nan gaba ɗaya. Mai kwafar rubutu kullum, shekara 50 ko 60, dole wata rana ya tsallake harafi. Yawancin kurakuran jiki na gyara su, wasu kuma ba su da lahani. Matsala na tasowa ne in kuskuren ya faɗa kan wasu sassa na musamman. A 1990 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Bert Vogelstein da Eric Fearon, sunka tsara yadda abin ke bin mataki-mataki. A ɗauki ƙwayar halitta kamar doki. Akwai ƙwayar gado mai suna APC, ita ce linzami. In ta lalace, dokin ya fara sakin jiki, polip ya fito. Akwai KRAS, ita ce ƙaimi. In ta lalace, kamar ƙaimi ne ya maƙale a cikin doki, ba ya daina gudu, polip ya yi ta girma. Sai TP53, mai gadin da aikinta shi ne ta kashe duk ƙwayar da ta haukace. Ranar da ita ma ta faɗi, tsiron ya zama sankara.

A lura da kyau a nan: ko da yake sunansu ƙwayoyin gado, yawancin wannan lalacewa ba gadonta ake yi ba. A hanjin mutum kaɗai take aukuwa, cikin rayuwarsa, kuma ba ya ba da ita ga ɗiyansa. Akwai wadda ake gada, za mu zo kanta.

To, tunda tsiro na zubar da matattun ƙwayoyinsa cikin hanji, ashe ke nan gurɓataccen rubutun na fita tare da bayan gida. A 1992 masu binciken Johns Hopkins ɗin sunka nuna ana iya tsinto lalatacciyar KRAS cikin bayan gidan mai ciwon. Daga baya anka gano ɓurɓushin ADN na tsiro na shiga jini shi ma. Mafarin duk waɗannan gwaje-gwaje ke nan.

Baƙi ɗaya, wasali daban

Akwai kuma wata hanya ta biyu da ƙwaya ke ɓacewa ba tare da harafi ko ɗaya ya canza ba. Duk wanda ya yi karatun allo ya san baƙi daban, wasali daban. Rubuta kaf da ra da alif a ajami: sa wasali bisa, ka samu "kara", sa shi ƙasa, ka samu "kira". Baƙaƙen ba su motsa ba, magana ta sauya. Haka ADN yake. Bisa haruffansa akwai wasu ƴan alamomi da jiki ke ɗorawa yana cirewa, su ke faɗa wa ƙwaya wane sashe za ta karanta, wane za ta tsallake. Dalilin da ya sa ke nan ƙwayar ido da ta hanji ba su yi kama ba, alhali rubutunsu ɗaya. Ilimin waɗannan alamomi shi ake kira epijenetik.

Wadda anka fi sani cikinsu wani ɗan sinadari ne mai suna metil. In ya taru a goshin wata ƙwayar gado, kamar an sa mata ɗauri ne, sai ta yi shiru. Tun 1983 Andrew Feinberg da Vogelstein sunka nuna tsarin metil na ƙwayoyin sankara ya hargitse. Inda ya kamata a sake, an ɗaure, inda ya kamata a ɗaure, an sake. Linzamin na iya kasancewa lafiya lau, bai tsinke ba, amma an rataye shi a bango. Shekaru na sauya waɗannan alamomi, taba ma haka: ana iya ganin sawun hayaƙi a ADN na jinin mashayi.

Mi ya sa masu ƙera gwaji sunka fi son wasali bisa baƙi? Saboda lalacewar harafi ta bambanta daga wannan majinyaci zuwa wancan. KRAS, alal misali, kamar 40 cikin 100 na masu sankarar hanji ne ke da ita a lalace. In ita kaɗai kake nema, fiye da rabi sun wuce ka. Ɗaurin metil kuwa yakan faɗa wurare iri ɗaya ga yawancin majinyata, kuma da wuri yake bayyana. Sunayen wuraren ba su da daɗin faɗi, SEPT9, NDRG4, BMP3, amma su ne na'ura ke leƙawa.

Lissafin mutum ɗari

Gwajin da ya fi daɗewa, ya fi araha, ba ruwansa da ADN. Ɓoyayyen jinin da ido ba ya gani yake nema cikin bayan gida, ana kiransa FIT. A 2014 Amurka ta amince da wani mai suna Cologuard, wanda ya haɗa neman jinin da neman lalatacciyar KRAS da ɗaurin NDRG4 da BMP3. An gwada su biyun kan mutum kusan 10,000. Cikin masu sankara 100, Cologuard ya kama 92, FIT ya kama 74. Cikin masu polip mai haɗari 100, Cologuard ya kama 42, FIT 24. Sai dai cikin mutum 100 da ba su da ko ɗaya, Cologuard ya tayar wa 13 hankali a banza, FIT kuwa 5.

Na jini fa? Na farko, mai neman ɗaurin SEPT9, wani kamfanin Jamus ya ƙera shi, Amurka ta amince da shi a 2016. Wanda ake ta yayatawa yanzu sunansa Shield. A binciken da anka wallafa a Maris 2024, kan mutum kusan 7,900, ya kama 83 cikin masu sankara 100, ya yi ƙararrawar banza ga 10 cikin lafiyayyu 100. Amma polip mai haɗari, 13 kawai ya gani cikin 100. Ku sake duba wannan lamba. Munka ce babbar riba ita ce a tsinke tsiron tun bai rikiɗe ba, ga shi gwajin jini ya bar 87 sun wuce. Ko cikin sankarar ma, ya fi rauni a matakin farko, lokacin da tsiron bai fara zubar da abu mai yawa cikin jini ba.

Ga abin da saƙonnin waya ba su faɗi. Na ɗaya, babu gwaji cikin waɗannan da ke cewa "kana da sankara". Iyakarsa ya ce "je a duba ka". Duk wanda gwajinsa ya nuna alama, dole a yi mishi koloskopi, wato a zura siririn bututu mai kyamara ta dubura a bi hanjin da ido, in an ga tsiro a yanko a kai laboratuwar. Ga mutumin Kurfai, koloskopi na nufin tahiya Yamai, kilomita kamar 180 ta hanyar Baleyara, kuma kowa ya san halin da hanya ke ciki. Na biyu, an yi gwaje-gwajen ne don mai shekara 45 zuwa sama da ba ya jin komi, kuma babu tarihin ciwon mai ƙarfi a danginsa. Wanda ke ganin jini da idonsa ya wuce nan, kai tsaye duban hanji yake buƙata. Na uku, ba abu ne da ake karantawa a gida kamar gwajin zazzaɓin cizon sauro ba. Sai lokotoro ya rubuta, sannan a aika samfurin zuwa laboratuwar kamfanin a Amurka cikin ƴan kwanaki. Kuɗin Cologuard ya kai wajen dala 600, ta Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wato sama da jika 300. Na Shield ya haura dala 1,000. A ganina, ɗan uwan da ke da wannan kuɗi a hannu, gara ya ajiye su don mota da masauki da koloskopi a Yamai.

Tsiron namu da nasu

Akwai wani abin dubawa kuma. Mutanen da anka gwada waɗannan na'urori a kansu galibinsu farar fata ne na Amurka. Shin sankarar hanjin ɗan Afirka ta Yamma iri ɗaya ce da tasu? Amsa mafi kusa da mu daga Najeriya ta fito. A asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, Farfesa Olusegun Alatise da abokan aikinsa na cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York sun karanta ADN na tsiron majinyatan Najeriya, sunka wallafa sakamakon a 2021. Sun tarar majinyatan sun fi na Amurka ƙuruciya, kuma rabinsu a dubura ciwon yake, alhali a New York kashi ɗaya cikin uku ne. A babban rukunin tsiron, lalacewar APC, wadda littattafai ke cewa ita ce matakin farko, 39 cikin 100 ce a Najeriya, 76 a New York. Wani nau'i kuma, wanda sashen gyaran kurakuran rubutu ne ke mutuwa a cikinsa, likitoci na ce mishi MSI, ya kai 28 cikin 100 a Najeriya, ninki biyu ko fiye na abin da anka saba gani a Amurka. Ife ba Filinge ba ce, amma ta fi New York kusa da mu. Abin da wannan ke nunawa shi ne lambobin da munka lissafa a sama sai an sake auna su a kan mutanenmu kafin a rantse da su.

Ko FIT mai araha, da anka kai shi cikin jama'a a jihohin Osun da Kwara da Legas, binciken da ya fito a 2022 ya nuna wata matsala. Cikin mutum sama da 2,000, ɗaya cikin biyar gwajinsa ya nuna jini. Da anka yi wa 285 koloskopi, uku ne ke da sankara. A ƙasar da basir da atuni da tsutsar ciki sunka yi yawa, jini cikin bayan gida na da iyaye da yawa. Ga kuma rana: zahinta na lalata jinin da ke cikin samfur in ya daɗe bai kai laboratuwar ba. A nan ne gwajin wasali zai iya yi mana rana wata rana, tunda amiba ba ta ɗaure SEPT9, in har ya yi araha kuma an gwada shi a nan. Na'urar da ke irin wannan aiki, PCR, ba baƙuwa ba ce a Nijar. Da ita cibiyar CERMES ta Yamai ke binciken sanƙarau, da ita kuma ta yi gwajin korona.

Gwajin gado da ba a biya

Yanzu ga wadda ake gada. A 1895 wata matar da ke yi wa wani likitan Jami'ar Michigan ɗinki, Aldred Warthin, ta faɗa mishi tana tsoron sankara za ta kashe ta da ƙuruciya, don haka ta yi wa danginta. Haka kuwa anka yi. Warthin ya bi salsalar gidan kaf, ya wallafa a 1913. Babu na'ura, babu ADN, tambaya ce kawai: wa ya haifi wa, mi ya kashe wa. Henry Lynch ya ci gaba da aikin daga 1966, shi ya sa ake kiran abin da sunansa, kuma sai a 1993 anka fara gano ƙwayoyin gadon da ke jawo shi. Su ne masu gyaran kurakuran rubutu, irin su MLH1 da MSH2. Mai gadon Lynch an haife shi da ɗaya a lalace. Kamar 3 cikin 100 na masu sankarar hanji ta nan ta zo musu, sau da yawa kafin shekara 50. In uwa ko uba na da shi, kowane ɗa rabi-da-rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Ga mata yana jawo sankarar cikin mahaifa, wadda ta bambanta da ta bakin mahaifa da ƙwayar cuta ke kawowa. Akwai wani gadon da bai kai wannan yawa ba, inda APC ce ake haihuwar mutum da ita a lalace: tun yana saurayi polip ɗaruruwa ke cika hanjinsa, in ba a yi aiki ba da wuya ya kai 40 bai kamu ba.

Wani zai tambaya, auren zumunci fa? Waɗannan biyun ba su buƙatarsa, gefe ɗaya ya isa. Amma akwai nau'i na uku, na ƙwayar MUTYH, da sai an gado daga uwa da uba duka, kuma shi auren dangi na ƙara mishi hanya.

Likitoci na da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, uku, biyu, ɗaya: mutum uku cikin dangi na jini sun yi sankarar hanji ko ta cikin mahaifa, a tsatso biyu a jere, kamar uba da ɗa, ɗaya daga cikinsu bai kai 50 ba. Gidan da ya cika wannan, ana son ƴaƴansa su fara koloskopi tun suna 20 zuwa 25, duk shekara ɗaya ko biyu. Ko mutum ɗaya ne, in uwa ce ko uba ko wanda kunka fito ciki ɗaya, haɗarinka ya ninka kamar sau biyu, kuma shawara ita ce ka fara dubawa a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da shi ya kamu.

Mu Kurfayawa ba a bar mu a baya ba wajen sanin asali. Tsohuwa ɗaya na iya jero maka kakanni bakwai, da wanda ya auri wa, da garin da kowa ya koma. Abin da ba mu faɗi shi ne mi ya kashe su. "Ajali ne." "Ciwon ciki ne." Ajali gaskiya ne, amma wane irin ciwon ciki? Ya yi ta zubar da jini? Ya rame? An yi mishi aiki a Yamai? Yana da shekara nawa? A zauna da inna ko gwaggo a tambaya cikin ladabi, a rubuta a littafi, ɓangaren uwa da na uba, har da ƴan uba na ɗaya ɗakin, don jinin mahaifi ɗaya ne. Wannan takarda ita ce gwajin gadon da ke hannunmu yau, kuma lokotoro na iya aiki da ita.

In jini ya fito

Abin da muke kira zahi, maƙwabtanmu Zabarmawa na ce mishi weyno, buhu ne babba da muke zuba ciwo iri-iri a ciki. Sau da yawa basir ne da gaske. Amma masu binciken Ile-Ife ɗin nan sun yi wa mutum sama da 300 ƴan shekara 45 zuwa sama, masu zubar da jini ta dubura, koloskopi, sunka tarar kusan ɗaya cikin biyar sankara ce. Waɗanda jinin ya haɗu musu da rama da canjin bayan gida su ne sunka fi shiga haɗari. Saboda haka a kula da jini ja ko bayan gida baƙi kamar kwalta, da gudawa ko taurin ciki da ya sauya wa mutum al'ada ya wuce sati uku ko huɗu, da jin kamar ba a gama ba bayan an gama, da rama ba dalili, da ƙarancin jini ga namiji ko macen da ta daina al'ada.

Ba laifi majo na CSI ya fara ba da maganin amiba ko na tsutsa, don su sunka fi yawa. In an sha an gama jini ya dawo, kada a koma zagaye na biyu da na uku, kada kuma a koma ga mai lasifika na ranar kasuwa. A nemi takardar zuwa asibitin Filinge. Can kuma in lokotoro ya ce zai duba da yatsa, a daure. Mun san akwai kunya, musamman dattijo gaban yaron da ya haifa, ana kuma iya roƙon namiji ya duba namiji, mace ta duba mace. Amma tunda tsiron namu ya fi zama a dubura, yatsa na iya taɓo wani abin a minti ɗaya, ba da ko dala ba. A kula kuma da wani gwajin jini mai suna ACE, ko CEA da Ingilishi, da wasu ke zuwa su biya da kansu. Amfaninsa bibiyar wanda anka riga anka yi wa aiki ne. Yana iya fitowa lafiya lau alhali ciwon na nan.

A Yamai akwai Babban Asibitin Ƙasa, da na Lamorde mai sunan Amiru Bubakar Diallo, da babban asibitin Referans da anka buɗe a 2016. Tun 2021 kuma Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Ƙasa ta fara gashi da haske, wanda sankarar dubura ke yawan buƙata, abin da a da sai an fita waje. Duk wanda anka yanki namansa, ya karɓi takardar sakamakon, wadda ake ce wa anapat, ya adana ta kamar takardar gona. A tambayi lokotoro ko ana iya duba tsiron a ga ko nau'in MSI ne. Amsar na da amfani biyu: tana nuna ko a bincika sauran dangi, kuma wannan nau'in na jin wasu sababbin magunguna masu tayar da garkuwar jiki. A wani gwaji na New York a 2022, majinyata 12 na farko masu irinsa a dubura duk tsiron ya ɓace ba tare da fiɗa ba, ko da yake tsadar maganin ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Ku kuma na waje, ku fara da kanku. A Faransa, daga shekara 50 zuwa 74, duk shekara biyu ana aiko takardar gayyatar gwajin FIT, kyauta ne, kada a jefa ta kwandon shara. A Amurka tun 2021 an sauko da shekarun farawa zuwa 45. In lokotoro ya tambaye ku tarihin dangi, kada ku ce babu don kawai ba a taɓa faɗa muku ba, ku bugo waya gida ku tambaya. Wanda kuma anka samu da polip ko sankara a can, ko a Abijan, ko Akara, ko Kwatano, ya nemi kwafin sakamakonsa ya turo wa yayyensa da ƙannensa, tare da shekarun da yake da su ranar da anka gano, don da wannan lambar ce lokotoron Yamai zai lissafa lokacin da ya kamata a fara duba su.